Noman Masara Mai Launi a Bakin Shuɗin Nilu, Daga Zaɓen Iri Har Tukunyar Tuwo

Kakar farko da na girbe shuɗiyar masara, na auna kwano biyu na kai wa gwaggona, na ce ta yi mana tuwo mu ga yadda zai fito. Bayan magariba aka kawo akushi, na buɗe da zumuɗi, sai ga tuwo fari-fari, babu abin da ya raba shi da na kowace rana. Na ce, "Gwaggo, ina shuɗin?" Ta ce, "Kai ɗan nan, wane shuɗi? Wannan dauɗar? Ai na surfe ta tas, tana can cikin dusa, awaki sun yi kalaci."

Wahalar wata huɗu awaki suka ci moriyarta. Amma daga ranar na gane abin da zan shimfiɗa a nan: wuri biyu ake rasa launin masara, a gona ranar da take zubar da bununi, da kuma a turmi ranar surfe. Wanda ya tsare waɗannan wurare biyu, sauran aikin noman masara ne da ya riga ya sani.

Mu da muke zaune a gefen kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno da Sinja har Damazin, da 'yan'uwanmu na Gadarif da Kasala, dawa ce abincinmu, masara kuwa ta marmari ce. Maƙwabtanmu Larabawa suna kiranta "aish ar-rif", wato hatsin Masar, wasu su ce "dura shamiyya", hatsin Sham. Mu ma ana cewa daga sunan Masar muka samo kalmar masara. Kowa ya jingina ta ga ƙasar da ya ga ta ɓullo masa, alhali asalinta kudancin Meziko ne, inda mutane suka sarrafa ta daga wata ciyawa mai suna teosinte kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta taka Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. A can gidan nata kuwa fara da rawaya biyu ne kawai daga cikin launuka masu yawa: akwai shuɗiya, ja, baƙa, koriya da mai ɗigo-ɗigo.

Fara da sanin inda launin yake

Kafin ka kashe ko sisi a kan iri, ɗebi ƙwaya goma ka jiƙa su kwana ɗaya. Da safe sa farce ka ɓare fatar waje. Abu uku za ka iya gani.

Idan fatar ta fita ja ko ruwan ƙasa, abin da ke ƙarƙashinta kuma fari ne ko rawaya, to launin a riga yake. Wannan riga daga jikin uwar shukar take, bununin da ya faɗo daga wata gona ba ya canja ta a wannan kakar. Shi ya sa goyon jar masara yakan fito ja gaba ɗaya, ba gauraye ba.

Idan fatar ta fita garau kamar leda, shuɗin ya rage manne a jikin ƙwayar, to launin yana cikin wani siririn shimfiɗi ne da ke ƙarƙashin riga, wanda masana ke kira aliyuron. Kaurinsa bai taka kara ya karya ba, kankara kaɗan sai ka iske farin gari. Wannan kuwa uwa da uba ne suka haɗu suka yi shi, don haka bununin da ya sauka a kan gemu yana da ta cewa.

Idan ka fasa ƙwayar ka ga rawaya har ciki, launin yana cikin garin kansa. Shi ma bununi yana taɓa shi: farar masara da ta sha bununin rawaya takan fito da ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa nan da can.

Ga dalilin da ya sa goyo ɗaya zai fito kamar tsakiyar ado. Kowane silin gemu yana tafiya ne zuwa ƙwaya ɗaya tak, kuma kowane sili ƙwayar bununi ɗaya ce ke shigarsa. Goyo mai ƙwaya 400 yana iya zama uwa ɗaya da ubanni da dama. Ɗigo-ɗigon da ake gani a kan ƙwaya guda kuwa, shi wata Ba'amurkiya, Barbara McClintock, ta shafe shekaru tana bin diddiginsa har ta gano cewa akwai ƙwayoyin gado da ke tashi daga mazauninsu su koma wani, aka ba ta kyautar Nobel a 1983. Abin da yaro zai ɗauka ya yi wasan dara da shi.

Wane iri, kuma daga ina

Hotunan da ke yawo a waya na wata masara mai sheƙi kamar duwatsun wuya ba ƙarya ba ne. Sunanta Glass Gem, wani manomi a jihar Oklahoma, Carl Barnes, mai jinin ƙabilar Cheroki, shi ya tace ta, kuma duniya ta san da ita ne a 2012 da hotonta ya bazu. Akwai shuɗiyar masarar ƙabilar Hopi a Arizona, akwai baƙar masarar Peru, akwai wata ja wur da Amurkawa ke kira Bloody Butcher. Sai dai kyan hoto ba ya nufin za ta yi a Sinnar. Irin da aka saba nomawa a ƙasashen da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba lokacin bazararsu, idan ya zo nan inda yini da dare suke kusan kunnen doki, yakan yi saurin fitar da fure tun kara bai kai ƙirji ba, goyon ya fito kamar babban yatsa. Ta Peru kuma 'yar kan duwatsu ce mai son sanyi, zafinmu yana wahalar da ita.

Shawarata, fara da abin da ya riga ya san ƙasar. Zaga kasuwannin ƙauye bayan kaka, musamman na kudu wajen iyakar Habasha, ka duba tsibin masarar da mata ke sayarwa. Ba ka rasa goyo ja, ko mai ƙwayoyi baƙaƙe jefi-jefi. Tambayi tsofaffin da ke rataye iri a madafi. Waɗannan sun sha ranarmu sun sha tsutsarmu shekara da shekaru. Idan kana son mai tabbacin yabanya ka haɗa da su, Hukumar Binciken Aikin Gona da ke da hedikwata a Wad Madani ta fitar da irin Hudaiba-1 da Hudaiba-2, kuma ba 'yan aure ba ne, ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Masu zuwa Nijeriya kuma su nemi masara mai ruwan lemo wadda aka inganta da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, an fara fitar da ita can a 2012 da sa hannun cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan. A wurina ita ce ta fi kowace amfani ga gidan da ke da yara, ko da ba ta kai sauran ɗaukar ido ba. Duk irin da zai tsallako iyaka a bi da shi ta hannun jami'an binciken tsirrai, kada garin neman ado a shigo mana da cutar da ba mu da ita.

Idan baƙon iri ya shigo hannunka, kada ka zuba shi gona guda. Gwada shi a 'yan kunyoyi, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: jan da kake gani a jikin irin kamfani da ke cikin leda ba launin Allah ba ne, rini ne da aka haɗa da maganin ƙwari don a gane guba ce. Shafa shi a tafin hannu mai laima, zai bar maka ja. Ba a ci, ba a ba kaji, wanki ba ya raba shi da dafin. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, ɗaruruwan mutane sun mutu saboda sun yi burodi da irin alkama da aka yi wa magani aka rina. A wannan zamani na yaƙi da hatsi ya yi tsada, a ja kunnen yara da masu girki.

Lokaci da wuri

Muna da zarafi biyu. Na damina, wanda muke ce wa harif, ana shuka daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi tsagoginta sun rufe. Masara tana son ruwa milimita 500 zuwa 800 a rayuwarta, don haka mutanen Damazin sun fi na Sinnar samun sauƙi, wanda ke arewa sai ya tanadi ban-ruwa na cike giɓi. Na biyu shi ne na hunturu, a Nuwamba, ko a jarf, wato gaɓar kogi, bayan ruwa ya janye ya bar laka, ko da injin ban-ruwa. Ga mai son launi na fi son na hunturu, saboda fure yana zuwa ne a Janairu cikin sanyi, masara ta bushe babu ruwan sama, ruɓa ta yi ƙaranci. Masu jarf dai su lura, tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020, hawa da saukar kogi sun daina bin lissafin da muka gada, ido za a sa ba kalanda ba.

Abin da za ka guje wa shi ne shukar da za ta yi fure a Afrilu ko Mayu. Zafi ya haura digiri 35 ga busasshiyar iska, bununi yana mutuwa kafin ya yi aiki, gemu ya bushe, ka ɓare goyo ka tarar da totuwa mai giɓi kamar bakin tsohuwa.

Yanzu maganar maƙwabta, wadda ita ce wurin asara na farko. Iska ce ke ɗaukar bununi, ba ta kuma san iyakar gona ba. Idan kana son shuɗiyarka ta tsaya shuɗiya, ka nisanta ta da kowace masara da aƙalla mita 200, in da hali fiye. A jarf da hawasha, wato gonakin da aka yanka wa manoma a filayen ban-ruwa, inda gonaki suke kafaɗa da kafaɗa, wannan da wuya. Sai ka raba su da lokaci: ka riga maƙwabci shuka da mako 3 zuwa 4, ko ka bari ya riga ka, yadda furenku ba zai haɗu ba. Kuma ka je ka gaya masa. Ni ban yi haka ba a shekarar farko, sai ga dattijon da muke iyaka da shi ya zo da goyo a hannu, fararen ƙwayoyi da baƙaƙe tsilli-tsilli, yana cewa, "Malam, zo ka ga abin da ya sami masarata, ko sammu ne?" Na ce, "Baba, ba sammu ba ne, tawa ce ta yi wa taka ziyara." Da kyar na shawo kansa cewa lafiyarta ƙalau. Masu saye a kasuwa kuwa ba su saurari bayani ba, sun rage masa kuɗi, ni na cika.

In kuwa gauraye kake so, mai kama da tsakiya, sai ka yi akasin haka: cakuɗa launukan a kwano ɗaya ka shuka, iska ta yi sauran aikin.

Shuka

Baƙar lakarmu tana riƙe ruwa, masara kuma ba ta son ƙafarta cikin ruwa, kwana biyu a kwance sai ta yi rawaya. Don haka a yi kunya, tsakanin kunya da kunya santimita 75. Zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi kafin tada kunyar, ba ɗanye ba, ɗanye yana jawo gara. Rami da rami santimita 50, zurfi kamar santimita 5, ƙwaya uku a rami, bayan mako biyu a cire mai rauni a bar biyu. A wannan lissafi fadan ɗaya, wato murabba'in mita 4,200, yana ɗaukar rami 11,200, shuka 22,400. Da saluka ko da sungumi, duk wanda hannunka ya saba.

Mai ɗan fili a bayan gida ya kula da wannan: kada ka shuka dogon layi ɗaya a bin katanga. Bununi zai tashi ya faɗa gidan maƙwabta, taka ta tashi a tutar babu. Yi ta dunƙule, ko da kunya huɗu ce gajeru. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi yana ba da kunya 13, rami 20 a kowace, shuka 520. Wannan ya isa ci, ya isa iri.

Noman farko cikin mako biyu, na biyu kafin ta kai gwiwa. Gonar da wuta-wuta ta saba cinye dawa, wadda Larabawa ke kira buda, masara ma ba za ta tsira a cikinta ba, nemi wani wurin ko ka fara juya ta da gyaɗa ko wake.

Takin zamani sau biyu nake sawa: murfin kwalbar lemo ɗaya na yuriya a kowane rami idan ta yi mako 2 zuwa 3, sannan a maimaita idan ta kai gwiwa zuwa cinya. A tona ɗan rami nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, a binne, ƙasa da laima. Wanda ya watsa yuriya a sarari cikin rana ya ciyar da iska. A fadan wannan yana kamawa buhu ɗaya da rabi zuwa biyu. Wani abin da ke ruɗa sabon shiga: an san ganyen ƙaramar masara idan ya koma shunayya alamar ƙarancin fosfat ce ko sanyi, amma irin masu launi da yawa haka Allah ya yi karansu da ganyensu. Duba girma. In tana tafiya da ƙarfinta, ƙyale ta.

Ban-ruwa a laka lokacin hunturu duk kwana 10 zuwa 14 ya wadatar, a jigawa kuwa sai an matso. Amma daga mako biyu kafin fure zuwa mako biyu bayansa, ko bashi za ka ci ka sayi man inji, kada ta ji ƙishi. Ƙishin wannan wata guda ba ya ramuwa.

Tsutsa

Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, an fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, cikin ɗan lokaci ta iso mu. Ba ta san ja ba ta san shuɗi ba. Shiga gona da sassafe sau biyu a mako tun shuka na da ganye uku. Alamar farko ganye ya yi tabo fari kamar an kankare shi, daga baya sai huji da kashi kamar garin katako a cikin mazurarin ganye. Ƙwanta yana manne a ganye, dunƙule, da ɗan gashi a kai, murje shi da yatsa. A ƙaramin fili, tsince ta da hannu da zuba ɗan yashi gauraye da toka a cikin mazurarin suna rage ta sosai, haka ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya. Idan ta fi ƙarfinka sai magani, irin mai emamektin, a fesa da yamma kai tsaye cikin mazurari tun tsutsar tana ƙanana, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a ci ɗanya. Birai da tsuntsaye da yaran unguwa kuwa, maganinsu gadi.

Aure da hannu, ga wanda ba shi da tazara

Idan babu mita 200 babu kuma rabon lokaci, akwai dabarar da za ta tsare maka iri ko da a tsakiyar gonakin mutane kake. Tana da ɗan wahala, amma goyo 50 zuwa 100 kawai kake bukata.

Da zarar goyo ya leƙo daga hammatar ganye, kafin gemu ya fito ko sili ɗaya, rufe shi da 'yar jakar takarda. Takarda, ba leda ba, leda tana dafa shi. Idan furen saman kara ya fara zubar da bununi, da yamma ka sa masa babbar jakar takarda ka ɗaure bakinta. Washegari da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, lanƙwasa karan a hankali ka kaɗa, ka cire jakar. Haɗa bununin shuke-shuke da yawa wuri ɗaya, buɗe goyon da gemunsa ya fito, barbaɗa, mayar da jaka nan take, ɗaura zare don shaida. Kada ka ba shuka bununin kanta. Masara ba ta son auren gida, in aka yi ta yi mata shi 'ya'yan suna ƙanƙancewa kaka bayan kaka. Bununi ba ya kwana, abin da ka tara da safe a safiyar za a yi amfani da shi.

Girbi da ajiya

Ta gashi ana karya ta kwana 20 zuwa 25 bayan fitar gemu, lokacin da gemun ya yi baƙi, ka soka farce ruwa fari kamar madara ya fito. Kada ka yi mamaki in ka ɓare ka ga launin bai kama ba, yana nuna ne tare da ƙwayar. Ƙara mata mako guda za ka sami launi, sai dai haƙori zai yi aiki. Yawancin masu launi ba su da zaƙin masarar gwangwani, ɗanɗanonsu na hatsi ne, mai gardi.

Ta gari kuwa a bar ta a kara sai ɓawo ya bushe. Ciro ƙwaya daga tsakiyar goyo ka kankare gindinta, idan ka ga baƙin ɗigo ta gama cika. Shanya a kan tabarma ko tamfol ko rufin ɗaki, ban da ƙasa tsirara. Duk goyon da ya yi funfuna kore ko toka-toka a ware shi a ƙone, domin nan ne dafin afalatoksin yake, mai lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi. A nan masu launi suna da wata matsala: funfuna tana ɓuya a jikin baƙar ƙwaya fiye da fara, don haka a yi tsintar da rana tsaka, a kuma sa hanci.

Bushewar da ake nema ita ce laima ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Gwajin gida: busasshiyar kwalba, cokalin busasshen gishiri, ƙwayoyi cikin tafi, a rufe a girgiza a ajiye ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. In ya zube garau, a zuba a buhun PICS mai riɓi uku ko jarka mai murfi a toshe, ƙwari su mutu don rashin iska. Mai laushin gari ƙwari sun fi saurin cinta a kan mai tauri kamar ƙanƙara, ita za a fara ci.

Iri kuwa tun a gona ake zaɓensa, ba a tsibi ba. Ɗaura ƙyalle a karan da ya tsaya da ƙarfinsa, goyonsa ya rufu har baki, daga tsakiyar gona ba gefe ba. Ɗauki daga shuka 100 in za ka iya, kada ya gaza 50. Jarabar da kowa ke faɗawa ita ce ya ɗauki goyo uku mafi kyau ya ce su ne iri, bayan kaka uku ya rasa inda ƙarfin masararsa ya tafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mun ga yadda irin kanti ke ɓacewa dare ɗaya, wanda ke da nasa a rataye bisa murhu shi ya yi shuka a kan kari.

Turmi da tukunya

Mun dawo wurin Gwaggo. Shuɗiya da baƙa da ja ba a surfa su in ana son launi. A sheƙe, a wanke, a shanya, a kai tahuna a niƙa da rigarta, a tankaɗe da rariya mai laushi. Roƙi mai inji ya fara wuce da ɗan kaɗan a ware, don ragowar dawar wani kada ta shiga. Garin da ba a surfa ba yana ɗauke da man ƙwayar, ga zafin ƙasarmu, yakan yi ɗaci da wuri, don haka niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai. Rawaya da mai ruwan lemo su kam a surfa yadda aka saba, launinsu na ciki.

Tuwon shuɗiya in an tuƙa shi haka kawai yakan fito toka-toka mai ratsin shunayya, wanda ba kowa zai burge ba. Sirrin yana ga abin da aka sa masa. Sinadarin da ke ba ta launi, antosayanin, dangin wanda ke cikin zoɓo ne, kuma yana juyawa da tsami ko kanwa. Ɗiga ɗan ruwan kanwa, wadda ake ce wa atrun a kasuwa, a cikin ruwan talge, tuwo ya koma shuɗi sosai. Kaɗan fa, in ta yi yawa sai ya yi kore-kore yana warin sabulu. Mutanen Hopi ruwan toka suke sa wa tasu, su yi wata 'yar siririyar gurasa mai suna piki, wadda in ka gan ta sai ka rantse kisra ce, siririyar gurasarmu ta dawa, aka rina. Sa tsamiya kuwa, ko lemon tsami, sai ya juye ruwan hoda. Kunun tsamiya na shuɗiyar masara shi ne abin da ya sa Gwaggo ta sauko, har ta ce a ajiye mata iri. Kisra ma in ƙullun ya yi tsami haka take fitowa, amma a haɗa rabi da rabi da garin dawa, masara zalla tana kakkaryewa a kan doka, wato farantin gasa kisra.

Akwai wata dahuwa ta mutanen Meziko da ta kamata mu ɗauka. Masara kilo 1, ruwa lita 3, farar ƙasa ta abinci cokali ɗaya, kimanin giram 10, ko kuma tataccen ruwan tokar itace. A tafasa a hankali minti 30 zuwa 40 har riga ta fara saɓulewa in an murza, a sauke a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke sau uku ana murzawa. Wannan yana sakin bitamin niyasin da ke ɗaure a cikin masara, wanda rashinsa ke kawo cutar felagira mai sa fata ta yi baƙi ta tsattsage ga masu dogaro da masara kaɗai. Ka tuna gwajin farce: mai launi a riga za ta rasa janta a wannan dahuwa, shuɗiya kuwa za ta fito da nata. Abin da aka wanke ɗin in aka ƙara dafa shi da wake da albasa da ɗan mai, ya zama balilar buɗa-baki da ba a saba gani ba. In aka markaɗa, ƙullu ne mai danƙo da ake iya faɗaɗawa a gasa.

Tsakinta yana yin dambu da zogale, yana yin fate. In ka sami baƙa wadda har totuwarta baƙa ce, kada ka jefa totuwar a wuta. Mutanen Peru suna tafasa ta da ƙwayoyin da ɓawon abarba da kirfa da kanumfari, su tace, su sa sukari da lemon tsami, su sha da sanyi, suna kiransa chicha morada. Mai sayar da zoɓo da ya gwada wannan a azumi ba zai rasa masu tambaya ba. Jar nan mai ruwan bulo dai ba ta sakin launi a ruwa sosai, kada a ɓata gawayi.

Masu cewa shuɗiyar masara tana warkar da ciwon sukari ko hawan jini, ni ban bi su ba. Hatsi ce, garinta sitaci ne kamar na kowace, mai ciwon sukari ya auna ta yadda yake auna fara. Abin da na yarda da shi shi ne cin ta da rigarta ya fi cin surfaffiya, rawaya kuma ta fi fara bitamin A.

Saura gugguru, wanda yara za su fara tambaya. Ba kowace masara ke fashewa ba, sai mai ƙananan ƙwayoyi masu tauri da sheƙi, irin su Glass Gem. In ta bushe ƙarau ta ƙi tashi, zuba ta a kwalba da ƙaramin cokalin ruwa, rufe, girgiza, bar ta kwana biyu ko uku ka sake gwadawa. Ka kuma shirya wa yaran rai tun kafin a ɗora tukunya: ko ja ce ko shuɗiya, in ta fashe fara take fitowa, sai ɗan ɓawon da ya maƙale a tsakiya ne zai nuna asalinta.